Bangon da ya rabu daga ciki: abin da na'urori suka gani a tashar Crystal River, da abin da ba su iya gani

A ranar 26 ga Satumba 2009 aka kashe tashar nukiliya ta Crystal River 3, wadda ke bakin mashigin tekun Meziko a jihar Florida ta Amurka, don a sa mata sabon makamashi a kuma sauya manyan tukwanen tururinta guda biyu da suka tsufa. Tun Maris 1977 take aiki, tana ba da wutar da ta kai megawat 860. Kamfanin Progress Energy, mai tashar, ya tsara aikin a matsayin hutun 'yan watanni. Daga wannan rana ba ta sake ba da wuta ba, kuma abin da ya kashe ta ba a cikin tukunyar nukiliyar yake ba. Tsaga ce a cikin bangon kankare, irin wadda mutum zai tsaya gabanta da rana tsaka, ya shafa bangon da hannu, bai san tana nan ba.

Lamarin ya cancanci karatun natsuwa, domin a kan bango guda, cikin abin da bai kai shekara biyu ba, an gwada manyan dabarun duba cikin kankare ba tare da an fasa shi ba. Abin da na'urorin suka faɗa gaskiya ne. Duk da haka ginin ya salwanta.

Yadda aka ɗaure bangon

Ginin da ke lulluɓe da tukunyar nukiliya aikinsa shi ne, in wani bututu ya fashe a ciki, ya tare tururi da iska mai guba kada su fita. Na Crystal River zagayayye ne, faɗin cikinsa ƙafa 130, kaurin bangonsa inci 42, wato mita ɗaya da 'yan kai, an kuma bi cikinsa da farantin ƙarfe mai kaurin inci 3/8. Kankare jarumi ne in danne shi aka yi, amma rago ne in aka ja shi: abin da yake iya jurewa na ja bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na danni ba. Saboda haka ake ɗaure irin wannan gini da igiyoyin ƙarfe tun bayan kankaren ya yi ƙwari, a tsuke shi tamau, yadda ko iska ta kumbura daga ciki ba za ta kai ga jan bangon ba sai ta fara cinye wannan matsin.

A wannan gini akwai igiyoyi 144 a tsaye, 282 a kwance suna zagaye bangon, da 123 a cikin rufin. Kowace igiya tarin wayoyi 163 ce, kowace waya kaurinta milimita 7, kuma tana kwance ne cikin bututun da aka cika da giris, ba ta manne da kankaren ba, don a iya sassauta ta ko a ƙara mata ja. Ginshiƙai shida ne ke riƙe da kawunan igiyoyin kwance, su ne suka raba bangon sashe shida, ana kiran kowane sashe da lambobin ginshiƙan da ke gefensa: sashe 1-2, sashe 3-4, da sauransu.

Wurin da raunin yake shi ne nan. Igiyoyin kwance ba a tsakiyar bangon suke ba, suna kamar inci 10 ne daga fuskar waje. In aka ja igiyar da ta lanƙwasa, kankaren da ke cikinta take turawa zuwa tsakiyar ginin. Inci goman da ke bayanta ba ta tura shi, sai dai kankaren ciki ya jawo shi ya biyo. Ke nan a daidai layin igiyoyin akwai ja na dindindin tsakanin ɓawon waje da gangar jikin bangon, kuma a wannan layin ne bututun igiyoyin suka cinye wuri, suka rage yawan kankaren da zai riƙe. Maganin wannan sananne ne: a sa gajerun rodi masu ratsa kaurin bangon su ɗinke waje da ciki. Bangon Crystal River ba shi da su. Ga shi kuma tsakuwar da aka kwaɓa kankaren da ita farar ƙasar Florida ce mai taushi, wadda ba ta jure ja kamar dutse mai tauri.

Ginin ya taɓa nuna halinsa. A watan Afrilu 1976, tun ba a kunna tashar ba, masu aikin lantarki suna kafa ƙusoshi a saman rufin suka ga wasu sun ƙi kamawa. Da aka bincika sai aka tarar ɓawon rufin ya ɗaye daga ciki, faɗin wurin ya kai ƙafa 105. Aka cire ɓawon, aka dasa rodin ɗinki, aka sake zubawa. Rufin aka ɗinke, bangon aka bar shi yadda yake, kuma ya zauna lafiya shekara talatin da uku tun da ba wanda ya taɓa shi.

Ranar 2 ga Oktoba

Don fitar da tsofaffin tukwanen a shigar da sababbi, kamfanin ya zaɓi ya yanke ƙofar wucin gadi mai ƙafa 25 da 27 a sashe 3-4, saman ƙofar shigar da kaya. Ba sabon abu ba ne, tashoshi da dama a Amurka sun yi haka an gama lafiya. Kafin a yanke sai an sassauta igiyoyin da suka ratsa wurin. An sassauta 27, goma na tsaye da goma sha bakwai na kwance, sannan aka fara cin kankaren da ruwa mai tsananin ƙarfi, wanda ke wanke siminti ya bar ƙarfe. Da ɓawon waje ya tafi, a ranar 2 ga Oktoba, sai ga gibi a gefen ramin, ba mai ratsa bango daga waje zuwa ciki ba, a'a, mai bin layin igiyoyin kwance, a ɓoye, daidai da fuskar bangon. Tashar tana kashe, babu wata guba da ta fita, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Amurka, NRC, ta turo tawagar bincike ta musamman.

Daga bakin ramin ana ganin inda gibin ya fara, amma ba a ganin inda ya tsaya. Tambayar farko ke nan. Ta biyu ta fi tayar da hankali: shin sauran sassa biyar ɗin ma haka suke, an daɗe ana zaune da su ba a sani ba? Dokar duba irin waɗannan gine-gine ta dogara ne a kan kallon fuskar kankare da ido duk bayan shekara biyar, da gwada ƙarfin wasu igiyoyin da aka zaɓa. Babu ɗaya cikin biyun da zai nuna rabuwar da ke kwance inci goma a ƙarƙashin fuska mai santsi.

Kowace na'ura da tambayarta

Abin da mai gini na gargajiya zai fara yi shi ne ya ƙwanƙwasa da guduma ya saurara, inda ya ji sautin holoƙo ya yi alama. Dabara ce mai kyau, har yau ana duba daben gadoji da ita ta hanyar jan sarƙa a kai. Amma kunne yana kama ɓawo ne mai kaurin 'yan inci kaɗan. Ɓawon da ya kai inci goma ya yi nauyin da gudumar hannu ba ta girgiza shi yadda kunne zai bambance. Hoton ratsa jiki irin na asibiti kuwa sai an sa tushen hasken a gefe guda, faifan a ɗaya gefen, kuma mita guda na kankare haɗe da farantin ƙarfe ya fi ƙarfin abin da ake yi da shi a fili.

Sai rada, wadda ita ce ke fara zuwa ran mutane in aka ce za a duba cikin kankare. Akwatinta ɗan ƙarami ne mai ƙafafun taya, ana gungura shi a jikin bango, yana harba igiyar rediyo mai kaɗawa sau biliyan ɗaya zuwa biyu da ɗoriya a daƙiƙa, yana karɓar abin da ya dawo. A cikin kankare igiyar tana cin kamar santimita 10 a kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, don haka daga lokacin dawowarta ake lissafa zurfi. Ƙarfe yana maido da ita gaba ɗaya, shi ya sa kowane rodi yake fitowa a allo a matsayin ɗan baka mai kife. Wajen nuna rodi da bututu babu kamarta, kuma wannan aikin ta yi a Crystal River: ta nuna inda ƙarfe yake, don in an zo huda bangon kada a yanke igiyar da ke ɗauke da ja mai nauyin ɗaruruwan tan. Wannan shi ne aikinta na kullum ko a benayen ofis da wuraren ajiye motoci masu irin wannan ɗauri, inda mai huda ramin famfo zai iya tsinka igiya ɗaya ya jawo asarar da ta ninka kuɗin aikinsa sau ɗari.

Amma rada ba ta da ido sosai a kan siririn gibi. Tsawon igiyarta a cikin kankare santimita bakwai ne ko takwas, gibin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba kuwa abin da yake maidowa ɗan kaɗan ne, ga shi a nan yana kwance ne bayan ragar rodin waje, kafaɗa da kafaɗa da bututun ƙarfe masu ƙyalli a allo. Mai rauni yana kusa da mai ƙarfi, ba za a ji muryarsa ba. Wanda ya duba irin wannan bango da rada kaɗai ya ce bai ga rabuwa ba, bai yi ƙarya ba, tambayar ce bai yi wa mai amsa ta ba.

Girgiza ita ce ke ganin gibi. In aka bugi kankare, motsin yana ratsa shi da gudun kusan mita 4,000 a daƙiƙa, amma da ya iso inda iska take, ko da siririya ce, sai ya dawo kusan ɗari bisa ɗari, saboda iska ba ta da nauyin da za ta karɓe shi. A kan wannan aka gina gwaji biyu. Na farko gwajin amsa-kuwwa ne, wanda Nicholas Carino da Mary Sansalone suka haɓaka a hukumar ma'aunai ta Amurka a shekarun 1980. Ana buga ɗan ƙwallon ƙarfe, motsin ya yi ta kai da komo tsakanin fuska da duk abin da ya tare shi, a auna sau nawa yake zagayowa. Lissafin mai sauƙi ne: a bango lafiyayye mai kaurin inci 42 zai zagayo kamar sau 1,800 a daƙiƙa, in kuwa akwai gibi a inci 10 sai adadin ya haura zuwa wajen 7,700. Yana faɗin zurfi daidai, amma tabo ɗaya yake gani a kowane bugu, kuma bututu da rodi suna cusa nasu amsoshin a ciki, sai gwani ya zauna yana tsincewa.

Na biyu, wanda shi ne ya ɗauki nauyin aikin a Crystal River a hannun injiniyoyin kamfanin CTLGroup na jihar Illinois, shi ne gwajin bugu da motsi. Asalinsa daga Faransa ne, inda aka fara shi a shekarun 1960 don duba ginshiƙan da ake kafawa cikin ƙasa, daga baya aka maido shi kan daɓe da bango. A ƙa'idar ASTM C1740 aka rubuta yadda ake yinsa. Kayan aikin ba su da wani kwarjini: guduma mai nauyin kilo ɗaya, kanta na roba, a cikin kan akwai ma'aunin ƙarfin bugu, sai ɗan gwangwanin da ke auna gudun motsin fuska, sai kwamfuta. Ana zana layuka da alli a jikin bangon, murabba'i bayan murabba'i. Mutum ɗaya ya danna gwangwanin a mahaɗar layi, ya ɗaga gudumar ya buga kusa da shi. Na kan kwamfuta ya dubi zanen, in bugun ya yi tsalle biyu ko gwangwanin ya zame ya ce a sake, in ya yi kyau a matsa gaba. Haka za a yi ta yi, a kan dandamalin da ke reto a jikin gini, har dubban bugu.

Abin da kwamfutar ke yi shi ne ta raba gudun motsin da ƙarfin bugun, a tsakanin kaɗawa 100 zuwa 800 a daƙiƙa, ta fitar da lamba ɗaya da ke nuna yadda wurin yake da sauƙin motsawa. Gudumar ba ta aika saƙo ciki ta jira amsa kamar gwajin farko, lanƙwasa bangon take yi kaɗan, ta ga yadda ya yarda. Bango mai mita guda da ke manne da kansa da ƙyar yake motsi. Ɓawo mai inci goma da ya saki uwarsa kuwa falle ne mai zaman kansa, motsinsa ya ninka na wancan nesa ba kusa ba. In aka zuba lambobin a taswira aka ba su launi, sai iyakar ta fito ƙarara.

Gwajin yana da nasa makanta, kuma masu yinsa sun san ta. Lambar ba ta da ma'ana ita kaɗai, sai an kwatanta ta da ta wurin da aka tabbatar lafiyarsa ƙalau. Kusa da ginshiƙi bango ya fi tauri, kusa da bakin rami ya fi laushi, ko da babu wata tsaga. Ba ya kuma faɗin zurfin gibi ko faɗin bakinsa. Shi ya sa ba a tsaya ga taswirar ba. An bi ta ana huda bangon da injin da ke ciro kankare dunƙule guda, a wuraren da taswirar ta ce akwai rabuwa, da inda ta ce babu, da kan iyaka. In dunƙulen ya fito a karye gida biyu, wannan bai isa hujja ba, domin injin ma yana karyawa, sai an zura 'yar kyamara mai dogon wuya cikin ramin an ga baƙin layin gibin yana zagaye jikin ramin. Akwai abin dariya kaɗan a nan: dabarar da ake yi wa kirari da cewa ba ta fasa komai, ba a amince da ita sai an fasa. Amma amfaninta ke nan, ita ce ke mai da huda dubu zuwa 'yan ramukan da aka san dalilin kowanne.

Abin da taswirar ta nuna

Rabuwar ta kai kusan ƙafa 60 a faɗi da 80 a tsayi, duk a tsakanin ginshiƙi na 3 da na 4, ta buɗe sama ta buɗe ƙasa ta tsuke a tsakiya, ƙirar kalangu. Sauran sassan da aka bi da guduma aka kuma huda, ba a sami rabuwa a cikinsu ba. Wannan sakamako ya amsa tambaya ta biyu, ya kuma taimaka wajen amsa wata: tsagar tsohuwa ce ko sabuwa? Siffarta ta bi ramin da aka yanke da igiyoyin da aka sassauta, ba ta bi wani lahani na zubin kankare ba. Akwai kuma hanyar tantancewa a ɗakin gwaji, domin fuskar tsagar da ta daɗe tana shan iska tana sauya sinadari, sabuwa kuwa ba ta kai ga haka ba. Kamfanin Performance Improvement International, wanda aka ɗora wa binciken musabbabi, ya ƙarƙare da cewa sabuwa ce, kuma yawan igiyoyin da aka sassauta da jerin yadda aka bi su ne suka karkatar da nauyi zuwa layin da dama can yake da rauni. Ya ƙara da cewa lissafin da aka saba yi a masana'antar ba zai hango haka ba.

Wannan magana ta ƙarshe ba kowa ya karɓe ta ba. Jaridar Tampa Bay Times ta bi takardun da aka gabatar wa hukumar kula da farashin wuta ta Florida, ta ruwaito cewa injiniyoyin kamfanin Sargent & Lundy sun fara ba da shawarar a sassauta igiyoyi 97, aka yi ta rage adadin, kuma Progress Energy ya zaɓi ya jagoranci aikin da kansa maimakon ya damƙa wa ɗaya daga cikin kamfanoni biyun da suka yi wa sauran tashoshi, don ya rage kashe kimanin dala miliyan 15. Wannan gardama ce ta lauyoyi da masu biyan kuɗin wuta, ba ita ce gaban wannan nazari ba.

Gyara, da tsaga ta biyu

Shekarar 2010 a gyara ta ƙare. An sassauta igiyoyi masu yawa a zagayen ginin a hankali, aka cire ɓawon da ya ɗaye, aka sa rodin ɗinki, aka zuba sabon kankare. Ya rage a maido wa igiyoyin jansu, kuma wannan karon ba a yi wasa ba. An tsara jerin jan da kwamfuta, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye. An manna wa ginin ma'aunan miƙewa, da kunnuwan lantarki masu kama ƙarar da kankare ke yi in yana tsagewa. Waɗannan kunnuwa ba sa aika komai ciki, saurare kawai suke, kuma daga bambancin lokacin da ƙara ɗaya ta isa ga kowannensu ake gane inda ta fito.

A ranar 14 ga Maris 2011, kwana uku bayan girgizar ƙasar da ta jawo bala'in Fukushima, ana dab da kammala jan, sai kunnuwan suka kama ƙara. Aka tsaya, aka koma da guduma. Sabuwar rabuwa ce, kuma ba a wurin da aka gyara ba, a sashe 5-6 ne, wanda aka duba a baya aka same shi lafiya. A watan Yuli na shekarar sashe 1-2 ma ya bi sahu, alhali ba a jan kowace igiya a lokacin. An gudu ba a tsira ba.

A nan ne, a ganina, lamarin ya fi koyarwa, kuma a nan ne aka fi yi masa gurguwar fahimta. Wasu za su ce gwajin gudumar da aka yi tun farko ya gaza, tun da ya wanke sashen da ya zo ya fashe. Bai gaza ba. A ranar da aka buga gudumar a sashe 5-6 babu gibi a wurin, ramukan da aka huda sun shaida. Gwajin ya amsa abin da aka tambaye shi: shin bangon ya rabu? Abin da masu gyara suke bukatar sani kuwa wani ne daban: saura nawa ya rabu? Kankaren da ke ɗauke da kashi casa'in cikin ɗari na jan da zai tsinka shi, da wanda ke ɗauke da kashi talatin, duk amsa ɗaya suke ba guduma, duk hoto ɗaya suke ba rada. Ko da akwai ƙananan tsagogi a gefen bututu, muddin matsi ya rufe bakinsu, girgiza za ta ratsa su ta wuce. Babu na'urar gungurawa a jikin bango da ke karanta yawan jan da ke kwance a inci goma. Ana kusantar wannan amsar ne ta lissafi, da gwada ƙarfin dunƙulen da aka ciro, da yanka ɗan wuri a ga yadda ya saki, kuma kowanne yana da kuskurensa.

Kunnuwan ma sun yi aikinsu, amma ya kamata a san iyakarsa. Ƙarfe yana miƙewa ya yi gargaɗi kafin ya tsinke. Kankaren da ba shi da rodin ɗinki ba ya jan lokaci, in tsaga ta kama layi mai rauni sai ta ruga, ta sauke nauyinta a kan maƙwabcin wuri, shi ma ya saki. Tsakanin ƙarar farko da gamawar ɓarna babu tazarar da mai riƙe da injin ja zai yi wani abu. Ribar da aka samu ita ce an san ranar, an san wurin, an tsayar da aiki, ba a rufe ginin aka kunna tashar a kan bango mai rabuwa ba. Wannan ba ƙaramar riba ba ce a ginin nukiliya. Amma shaida ce, ba rigakafi ba.

Abin da na fi ɗora wa alhaki shi ne yadda ake karanta rahoto. Injiniyan gwaji yakan rubuta cewa ba a gano alamar rabuwa ba a wuraren da aka iya kaiwa, da wannan na'ura, a wannan rana. Kafin jimlar ta hau bene biyu ta isa teburin masu yanke shawara, ta koma “bangon lafiya lau”. Sharuɗɗan da aka zubar a hanya su ne rabin bayanin. A Crystal River, gini ne da rufinsa ya ɗaye a 1976, bangonsa ya ɗaye a 2009, tsakuwa ɗaya, tsarin igiya ɗaya, babu ɗinki a sassa biyar ɗin da suka rage. Taswira mai tsabta ba ta goge ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tun ran gini ran zane, kuma zanen yana cikin takardun ginin, ba a allon na'ura ba.

Lissafin ƙarshe

A tsakiyar 2011 Progress Energy ya ƙiyasta cewa sauya kankaren sauran sassan zai ci dala miliyan 900 zuwa biliyan 1.3. A watan Yuli 2012 kamfanin ya haɗe da Duke Energy, sababbin masu gidan suka sa kamfanin injiniya na Zapata ya sake lissafi. Ya ce gyaran mai yiwuwa ne, amma zai ci daga dala biliyan 1.49 har zuwa 3.43 in abubuwa suka ƙara lalacewa, kuma babu mai ba da tabbacin cewa sassauta igiyoyi da sake jansu ba za su haifi wata rabuwar ba. A ranar 5 ga Fabrairu 2013 Duke Energy ya sanar da rufe tashar. Kamfanin inshorar tashoshin nukiliya, NEIL, ya biya jimillar dala miliyan 835, sababbin tukwanen tururin kuwa ba su taɓa yin aiki ba. A 2020 aka miƙa aikin rushe tashar ga Accelerated Decommissioning Partners, haɗin gwiwar kamfanonin NorthStar da Orano, a kan kwangilar dala miliyan 540.